Mutum Nawa Ke Gina Manhaja, Kuma Yaya Ake Zaunar Da Su?

A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM na Amurka ya sanar da sabon jerin kwamfutocinsa mai suna System/360. Abin da ya bambanta su da na baya shi ne, daga ƙaramarsu har babbarsu an tsara su riƙa aiki da manhaja iri ɗaya, ta yadda wanda ya sayi ƙarama, in harka ta buɗe masa ya koma babba, ba sai ya sake rubuta komai daga tushe ba. Na'urorin sun samu karɓuwa. Abin da ya ba da wahala shi ne babbar manhajar da za ta tafiyar da su, wadda aka sa wa suna OS/360. An zuba mata ma'aikata har a wani lokaci suka haura dubu. Ƙiyasin da aka yi, ƙarfin da ta ci tsakanin 1963 da 1966 ya kai aikin mutum ɗaya na shekara 5,000. Duk da haka ta makara, ta ci kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da aka tsara, kuma da ta fito sai da aka daɗe ana gyaran kurakuranta.

Wanda ya jagoranci aikin, Fred Brooks, ya koma koyarwa a Jami'ar North Carolina, ya zauna yana bin diddigin abin da ya faru. A 1975 ya fitar da littafin The Mythical Man-Month, kuma a ciki ya kafa wata ƙa'ida da har yau masu wannan sana'a ke kira da sunansa. Ma'anarta ita ce, idan aikin manhaja ya riga ya makara, ƙara masa ma'aikata ƙara masa makara ne. Duk wanda ya ji wannan karon farko sai ya ga kamar ya saɓa wa hankali. Fahimtar dalilinsa kuwa ita ce mabuɗin fahimtar duk tsare-tsaren da manyan kamfanonin fasaha ke bi wajen harhaɗa tawagoginsu.

Mu fara da irin aikin. Manhaja jerin umarni ne da mutum ke rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi, cikin wani harshe na musamman. Babbar manhaja kan kai layuka miliyoyi, kuma kowane sashe na jingine da wasu sassan: wanda ke lissafin kuɗi yana karɓar bayani daga wanda ke tantance mai asusu, shi kuma yana miƙa wa wanda ke aika saƙo. A gayya, idan manoma goma za su gama gona a wuni biyu, ashirin za su gama ta a wuni ɗaya, domin kowa kunyarsa yake bi, ba ya buƙatar sanin abin da na gefensa ke yi. Aikin manhaja ba ya rabuwa haka. Mai rubuta wani sashe dole ya san abin da sashen maƙwabcinsa ke sa ran karɓa, da siffar da zai karɓe shi, da abin da zai faru in bayanin bai zo ba. Kaso mai tsoka na aikin, ke nan, magana ce tsakanin mutane.

Magana kuwa tana da lissafinta. Tsakanin mutum 2 hanyar magana ɗaya ce. Mutum 5 suna da hanyoyi 10, domin kowanne yana iya buƙatar kowanne. Mutum 10 suna da 45. Mutum 50 suna da 1,225. An ninka mutane sau goma, daga 5 zuwa 50, amma hanyoyin da rashin fahimta zai iya ɓullowa sun ninku fiye da sau ɗari. Ga kuma wani nauyin: sabon ma'aikaci, komai ƙwarewarsa, bai san wannan manhajar ba. Zai ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya gane inda aka dosa, kuma masu koya masa su ne tsofaffin hannun da aikin ke jira. Shugaban da ya ga lokaci ya ƙure ya ɗebo mutum goma, a watan farko abin da ya yi shi ne ya janye gwanayensa daga rubutu ya mayar da su malamai.

Maganin da Brooks ya goyi baya ya samo shi ne daga abokin aikinsa a IBM, Harlan Mills. Shawarar Mills ita ce a tsara tawaga kamar ta ɗakin tiyata: gwani ɗaya ne zai riƙe wuƙa, wato shi zai tsara manhajar ya rubuta muhimman sassanta, sauran kusan mutum tara su kewaye shi, wannan mataimaki, wannan mai gwaji, wannan mai kula da kayan aiki, wannan mai rubuta bayanai. Dabarar ta rage yawan kawunan da sai sun yi ittifaƙi. Sai dai ba ta yaɗu sosai ba. Irin wannan gwani yana da wuyar samu, kuma ranar da ya yi rashin lafiya ko ya samu aiki a wani wuri, komai ya tsaya. Masu sana'ar har suna da ma'auni a kan haka: mutum nawa ne in suka ɓace yau aikin zai durƙushe? In amsar mutum ɗaya ce, tawagar tana cikin hatsari ko da komai na tafiya daidai.

Shekaru bakwai kafin littafin Brooks, a 1968, wani masanin kwamfuta mai suna Melvin Conway ya buga maƙala a mujallar Datamation, inda ya lura da wani abu da ya fi wancan zurfi. Ya ce duk ma'aikatar da ta ƙera wani tsari, tsarin zai fito ne da siffar yadda mutanen ma'aikatar ke magana da juna. In ka raba aiki tsakanin tawagogi huɗu, manhajar za ta fito da sassa huɗu, kuma inda tawagogi biyu ba sa ga-maciji, a daidai mahaɗar sassansu za a riƙa samun tangarɗa.

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don haka bari mu duba shi a aikace. A ce wani banki yana son ƙara ƙaramin abu a manhajarsa ta waya: kafin mutum ya tura kuɗi, sunan mai asusun da zai karɓa ya bayyana, don a rage tura kuɗi ga wanda ba shi ba. A tsarin da aka saba da shi a da, ma'aikata suna zaune ne sashe-sashe bisa ƙwarewa. Masu zana fuskar manhaja suna da ofishinsu da shugabansu. Masu rubuta abin da ke aiki a cikin waya suna da nasu. Masu rubuta abin da ke aiki a manyan na'urorin banki, masu kula da rumbun bayanai, masu gwaji, masu ɗora manhaja a kan na'urori su kula da ita dare da rana, kowa da nasa. Buƙatar za ta fara daga mai zane. Ya gama cikin kwana biyu, ya miƙa. Masu waya suna kan wani aiki, sai ta jira mako biyu. Da suka ɗauka sai suka ga suna buƙatar manyan na'urori su riƙa turo sunan, suka rubuta takardar buƙata, ta shiga layi. Da aka zo gwaji sai aka tarar na'urorin suna turo sunan da sunan mahaifi a gaba, fuskar kuma an zana ta da gurbin da ba ya ɗaukar dogon suna. Aka mayar wa mai zane, wanda tuni ya manta da zancen. Aikin da ainihinsa bai fi na kwana goma ba ya cinye wata uku, kuma babu malalaci ko ɗaya a cikinsu. Lokacin ya tafi ne a jira tsakanin ofis da ofis.

Ba hasashe ba ne kawai. A 2008 masu bincike na Microsoft tare da wani malamin Jami'ar Maryland sun yi nazarin Windows Vista, suna neman abin da ya fi nuna sashen da zai ba da matsala bayan an saki manhajar. Sun auna sarƙaƙiyar rubutun da yawan gyare-gyaren da aka yi masa, sannan suka auna al'amuran mutane: injiniya nawa suka taɓa sashen, nawa daga cikinsu suka bar aiki, daga ɓangarori nawa na kamfanin suka fito. Ma'aunin mutanen ya fi na rubutun faɗin gaskiya. Haka kuma a ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov don jama'a su sayi inshorar lafiya, shafin ya durƙushe a ranar, har bayanan cikin gida da suka fito daga baya suka nuna mutum 6 ne kacal suka kammala rajista a ranar farko. An raba aikin ga kamfanonin kwangila da dama, kowanne ya gina nasa, ba a gwada su a haɗe ba sai dab da buɗewa. Cikin waɗanda suka taimaka aka ceto shi akwai wata ƙaramar tawagar injiniyoyi da aka ɗebo daga kamfanonin fasaha, kuma daga wannan darasi ne aka kafa hukumar ayyukan dijital ta gwamnatin Amurka a 2014.

To, in rabon aiki bisa ƙwarewa ne ke haifar da jira, mafita ita ce a raba shi ta wata fuskar. Tunanin bai fara daga masu manhaja ba. A 1986 wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, sun buga nazari a mujallar Harvard Business Review kan yadda kamfanoni irin su Honda da Canon da Fuji-Xerox ke fitar da sababbin motoci da kyamarori da injinan kwafi cikin sauri. Sun tarar kamfanonin suna haɗa masu ƙwarewa daban-daban a tawaga ɗaya, a ba su buri, a bar su su nemo hanya, su riƙe aikin tun daga farko har ƙarshe. Jeff Sutherland da Ken Schwaber suka ɗauki wannan tunani suka gina tsarin da ake kira Scrum, suka gabatar da shi a 1995. A watan Fabrairun 2001 kuma mutum 17 masu irin wannan ra'ayi suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah, suka fitar da gajeriyar sanarwar da ta haifi abin da aka sani da Agile, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai ita, ana gyarawa.

Tawagar da wannan tsari ya haifar ƙarama ce. Jagorar Scrum ta 2020 ta ce yawanci mutum goma ko ƙasa da haka. A cikinta akwai masu rubutu, wasu sun fi ƙwarewa a abin da mai amfani ke gani, wasu a abin da ke ɓoye a manyan na'urori. Akwai mai zane, akwai mai gwaji, ko kuma kowa ya ɗauki nauyin gwada abin da ya rubuta. Akwai mutum ɗaya da ke riƙe da akalar abin da za a gina: shi ke sauraron masu amfani da shugabanni, shi ke jera buƙatu, wannan kafin wannan. Muhimmancinsa shi ne ya zama ƙofa ɗaya. In babu shi, daraktan kasuwanci zai kira wannan injiniya, na kuɗi ya kira wancan, kowa ya ce nasa ne na gaggawa. Sannan akwai mai share wa tawagar hanya, wanda aikinsa ba ba da umarni ba ne, cire musu abin da ke tare su ne. Yadda za a gina abin kuwa, wannan na masu ginin ne.

Aikin yana tafiya ne zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, da yawa suna yin mako biyu. Kowace safiya a yi taron minti 15, galibi a tsaye don kada a zarce. A misalin bankin nan, wata za ta ce jiya ta gama gurbin sunan, yau za ta haɗa shi da abin da na'urori ke turowa. Na kusa da ita ya ce ai sunan yana zuwa da sunan mahaifi a gaba, kuma akwai masu suna huɗu. Mai zane yana tsaye a wurin, ya ce zai faɗaɗa gurbin kafin azahar. Matsalar da ta ci makonni a wancan tsari ta mutu a minti biyu. Kafin rubutun kowa ya shiga cikin manhajar kuma, sai wani abokin aiki ya karanta shi ya sa hannu. Wannan yana kama kurakurai, amma babban amfaninsa shi ne kowane sashe ya zama aƙalla mutum biyu sun san cikinsa.

Kamfanin Amazon ya kai wannan tunani nesa. A farkon shekarun 2000 Jeff Bezos ya kafa ƙa'idar cewa kada tawaga ta wuce yawan da faifan fiza biyu za su ƙosar. Ya kuma wajabta cewa kowace tawaga ta buɗe wa sauran wata ƙayyadaddiyar ƙofa da manhajojinsu za su riƙa neman abu daga tata, ba a yarda wata ta kutsa cikin rumbun bayanan wata kai tsaye ba. Dokar Conway ce aka juya ta baya: tunda manhaja za ta ɗauki siffar tawagogi, sai a yanka tawagogin a siffar da ake son manhajar ta fito. Akwai ƙari. A da, masu rubutu kan gama su jefa wa masu kula da na'urori, su tafi gida su yi barci. A Amazon, kamar yadda babban jami'in fasaharsu Werner Vogels ya bayyana a 2006, wanda ya gina abu shi ke kula da shi bayan an sake shi. Injiniyan da ya san wayarsa ce za ta yi ƙara ƙarfe uku na dare in abin ya lalace, rubutunsa yakan bambanta. Rushe wannan katanga tsakanin masu gini da masu kula shi ne abin da daga 2009 aka riƙa kira DevOps, bayan wani taro da Patrick Debois ya shirya a birnin Ghent na Beljiyam.

Sai dai ƙananan tawagogi masu cin gashin kansu suna zuwa da tasu matsalar. In sun kai talatin, kowace za ta ƙirƙiro hanyarta ta yin abu ɗaya, kuma mai gwajin da ke zaune shi kaɗai cikin masu rubutu ba shi da babba a fanninsa da zai koya daga gare shi. Kamfanin waƙoƙi na Spotify da ke Suwidin ya bayyana yadda ya tunkari wannan a wata takarda da Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka rubuta a 2012: ƙananan tawagogi, a tara masu aiki makusanci a babban rukuni da bai wuce mutum ɗari ba, sannan masu ƙwarewa iri ɗaya su riƙa haɗuwa a tsakanin tawagogi. Kamfanoni da yawa suka kwafi sunayen da zanen, ko da yake marubutan sun ce hoton wani lokaci ne kawai, kuma daga baya wasu da suka yi aiki a can sun ce ko a Spotify ɗin tsarin bai tafi yadda aka zana ba. A 2019 Matthew Skelton da Manuel Pais, a littafinsu Team Topologies, sun kawo wata mafita da ta samu karɓuwa. Yawancin tawagogi su zama masu bin buƙatar mai amfani daga farko har ƙarshe, a samu wata da ke gina musu dandalin kayan aiki na bai ɗaya don kada kowa ya riƙa maimaita wahala, wata ƙwararriya ta riƙe sashen da ya fi ƙarfin kowa, wata kuma ta riƙa zagayawa tana koyarwa na ɗan lokaci. Ma'auninsu shi ne abin da kan mutane zai iya ɗauka: kada a ɗora wa tawaga manhajar da ta fi ƙarfin fahimtarta.

Saura abu ɗaya da zanen ofis ba ya nunawa. A 2012 Google ya fara wani bincike da ya kira Project Aristotle, ya nazarci tawagogi 180 na cikin kamfanin yana neman sirrin waɗanda suka fi. An zaci za a tarar da shi a haɗin gwanaye ko yawan digiri. Abin da ya fito a gaba shi ne ko mutum yana iya cewa bai gane ba, ko ya yi kuskure, ko bai yarda da shawarar babba ba, ba tare da tsoron wulaƙanci ba. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta riga ta gano haka a asibitoci a shekarun 1990, inda ta tarar tawagogin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi ba da rahoton kuskuren magani. Ba don sun fi yin kuskure ba, sai don ba sa ɓoyewa. A aikin manhaja wannan yana da farashi kai tsaye: kuskuren da ƙaramin injiniya ya gani ranar Litinin ya yi shiru don kunya, shi ne zai tsayar da manhajar a gaban dubban mutane bayan wata biyu.

A nawa ganin, bayan duk wannan, sunayen tsare-tsaren su ne mafi ƙarancin muhimmanci, kuma su ne aka fi saurin kwafa. Ana iya yin taron safe a tsaye kullum, a raɗa wa kowa sabon muƙami, alhali tawagar ba ta da ikon sakin ko layi ɗaya sai ta jira sa hannun ofisoshi uku. Wannan tsohon tsari ne sanye da sabuwar riga. Tambayar da ke bambance tawaga ta gaske ita ce, shin za ta iya ɗaukar buƙata ɗaya ta kai ta hannun mai amfani ba tare da ta tsaya layi a ƙofar wani ba? Ina kuma ganin ana raina darajar daɗewa tare. Tawagar da ta shekara biyu tare ta san wa ke gaggawa, wa ke buƙatar a tambaye shi kafin ya yi magana, kuma wannan sani ba ya cikin kowace takarda. Shugaban da ke wargaza tawaga duk lokacin da sabon aiki ya zo yana zubar da dukiyar da bai san yana da ita ba. Ya fi kyau a kawo wa tawaga aiki da a riƙa kwasar mutane ana kai wa aiki.

Matasanmu da ke haɗuwa su uku ko huɗu a Kano ko Kaduna ko Yamai suna gina manhaja ba sa buƙatar zanen Spotify ko na Amazon, domin matsalar da waɗancan suka magance ta ɗaruruwan injiniyoyi ce. Ku fitar da mutum ɗaya da zai riƙa yanke abin da za a fara ginawa. Kada rubutun kowa ya shiga sai wani ya karanta shi. Ku tabbatar babu sashen da mutum ɗaya ne kaɗai ya san cikinsa. Ranar da kuka kai mutum goma sha biyu kuka ga taron safe ya fara cin rabin awa, lokacin rabuwa biyu ya yi, kuma ku raba bisa abin da kowace tawaga za ta kai wa mai amfani, kada ku ware masu zane gefe guda masu rubutu gefe guda.